Bandcamp, Spotify ko Gidan Rediyo: Wace Hanya Ce Ta Fi Kai Mutum ga Sabon Kiɗan Gwaji?

Masu bin diddigin kasuwar kiɗa sun ƙiyasta cewa ana ɗora sababbin waƙoƙi sama da 100,000 a manhajojin sauraro a kowace rana. A cikin wannan tuli ne mai son kiɗan makaɗa masu zaman kansu yake laluben nasa, kuma wahalar ta fi tsanani ga wanda kunnensa ya karkata ga kiɗan gwaji: sautin da ake ja har minti ashirin babu amshi, ƙarar injuna da aka sarrafa, jazz ɗin da ake ƙagowa nan take a lokacin bugawa, ko sautin ruwa da na tsuntsaye da aka naɗa aka haɗa. Irin wannan kiɗa ba shi da babban kamfani da zai kashe kuɗi a kan tallarsa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ya yi shi da kwamfutarsa, ya fito yau, ya nutse jibi, ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Hanyoyin nemansa sun kasu gida biyu: inda na'ura ke zaɓa maka, da inda mutum ke zaɓa. Matsayinmu tun daga farko shi ne, a fagen kiɗan gwaji zaɓin mutum ya fi na na'ura nesa ba kusa ba. Duk da haka kowace hanya tana da aikin da ta fi iyawa, tana kuma da abin da take ci: lokaci, data, da haƙurin kunne. Da waɗannan za mu auna su, mu ƙara da tambayar ko wani abu yana isa hannun wanda ya yi kiɗan.

Abin da algoridim, wato injin zaɓe na manhaja, ke iyawa, da inda ya tsaya

Spotify ta fito da Discover Weekly a 2015, jerin waƙoƙi 30 da ke sabuntuwa kowace Litinin, sannan ta kawo Release Radar a 2016, mai sabuntuwa kowace Jumma'a. Babban ginshiƙin aikinsu shi ne kwatance: injin yana duba mutanen da sauraronsu ya yi kama da naka, ya ɗauko abin da suka ji wanda kai ba ka ji ba. Wannan dabara tana buƙatar sawun masu sauraro. Kundin da ya fito shekaranjiya, mutum arba'in kaɗai suka taɓa shi, bai bar sawun da inji zai bi ba. Shi ya sa abin da Discover Weekly ke kawowa yakan zama sabo a kunnenka amma tsoho a duniya, wani lokaci mai shekara goma da fitowa.

Akwai kuma matsalar tsarin ƙirga. Sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 kafin a lissafa ta, kuma da waƙar minti biyu da kiɗan minti ashirin da biyar duk sauraro ɗaya ake rubuta musu. Tun daga 2024 kuma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin watanni goma sha biyu ba, ba ta samun kason kuɗin sauraro. Ga makaɗin da kundinsa guntaye biyu ne dogaye, kuma masu sauraronsa ba su wuce ɗari uku ba, wannan ciniki ne marar riba. Ƙari a kan haka, ba ya iya ɗorawa da kansa, sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Saboda haka da yawa daga cikinsu ba sa ɗorawa sam, wasu kuma sai bayan watanni, wasu su ɗora guntu ɗaya su bar sauran a wani wuri. Abin da babu shi a rumbu, inji komai wayonsa ba zai kawo maka shi ba.

Inda Spotify ke da amfani na gaske shi ne a matsayin ƙararrawa. Idan ka riga ka san makaɗan da kake so, danna musu maɓallin bi, Release Radar zai riƙa sanar da kai sabon abin da suka fitar. Sai dai ka sa ido ga kuskure ɗaya da ke yawan faruwa: idan makaɗa biyu suna da suna ɗaya, kamfanin rarrabawa kan jefa waƙar wancan a shafin wannan, sai ka ga baƙon abu a jerinka. Akwai kuma dabarar bincike da mutane da yawa ba su sani ba. A akwatin nema, rubuta label: ka haɗa da sunan kamfanin faifai, sai ya fito maka da abin da kamfanin ya ɗora, ƙara year: da shekarar da kake so don tace sababbi, tag:new kuma yana nuna kundayen da suka fito cikin makonni biyun da suka wuce. Wannan ne madadin abin da manhajar ta rasa, domin ba ta ba ka damar bin kamfanin faifai yadda kake bin makaɗi. Idan kuma kana sauraron wani abu daban lokacin aiki ko barci, kunna zaman sirri, don kada ya gurɓata hoton da injin ke zanawa na ɗanɗanonka.

A da akwai shafin Every Noise at Once, taswirar dubban nau'o'in kiɗa da Glenn McDonald ya gina da bayanan Spotify, wadda ke da jerin sababbin fitowa na kowane nau'i. Tun da aka sallame shi daga kamfanin a Disamba 2023 wannan ɓangaren ya daina sabuntuwa. Taswirar tana nan don sanin sunayen nau'o'i, amma kada ka nemi sabon abu a cikinta.

Bandcamp: inda kayan suke sauka

Idan za a ce ka zaɓi wuri ɗaya tak, to Bandcamp ne. Ya fara aiki a 2008, kuma tsarinsa na kasuwa ne: makaɗi ko ƙaramin kamfani ya buɗe shafi, ya ɗora kundinsa kai tsaye babu ɗan tsakiya, ya sa abin da yake so a biya, ko ya bar mai saye ya ba da abin da ya ga dama. Shafin yana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na cinikin fayil, wanda ke sauka zuwa 10 idan ciniki ya kai wani mataki, da kashi 10 na kayan hannu irin su kaset da faifan garmaho. Sauran, bayan an cire ladan kamfanin biyan kuɗi, na makaɗi ne. Wannan ne dalilin da ya sa kiɗan gwaji ya yi sansani a nan, kuma kundaye da dama babu inda ake samunsu sai nan.

Amma Bandcamp ba ya ɗauko abu ya sa maka a baki. Wanda ya shiga yana jiran a zaɓa masa zai fita hannu rabbana. Ga yadda ake aiki da shi.

Fara da kamfanonin faifai kafin makaɗa. Makaɗi ɗaya yakan yi shekara biyu ko uku bai fitar da komai ba, amma ƙaramin kamfani mai rai yana fitar da kundi shida zuwa ashirin a shekara, kuma duk sun bi ta kunnen mutum ɗaya ko biyu da suka sa kuɗinsu da sunansu a kai. Wannan tacewar ita ce abin da kake nema. Kranky na Shikago, tun 1993, an san shi da sauti mai tafiya a hankali. Room40 na Lawrence English a Ostireliya yana ƙarfi wajen sautin yanayi da aka naɗa da kiɗa mai zurfi. PAN, wanda Bill Kouligas ya kafa a 2008, yana kan iyakar kiɗan lantarki da fasahar sauti. Constellation na Montiriyal a Kanada ya fara a 1997. International Anthem na Shikago gida ne na sabon jazz. Another Timbre na Ingila yana fitar da kiɗa mai sanyi da yawan shiru. Nyege Nyege Tapes na Kamfala a Yuganda da Príncipe na Lisbon a Fotugal suna fitar da kiɗan rawa mai saurin da tsarin da ba a saba ji ba. Waɗannan ƙofofi ne kawai. Gwajin da za ka yi wa kowane kamfani ɗaya ne: saurari kundayensa biyar na baya-bayan nan. Idan biyu sun kama ka, bi shi. Idan ɗaya ne, bi makaɗin shi kaɗai ka bar kamfanin.

Kada ka wuce kamfani goma sha biyar zuwa ashirin a farko. Duk wanda ka bi zai riƙa aiko maka imel idan ya fitar da sabon abu, wasu har da saƙonnin talla a tsakani. Mutumin da ya bi shafuka ɗari biyu a mako guda, cikin wata ɗaya akwatinsa zai cika har ya daina buɗewa, kuma daga nan hanyar ta mutu. Maganin shi ne ka sa manhajar imel ɗinka ta riƙa tara duk saƙonnin Bandcamp a jaka ɗaya, ka buɗe ta sau ɗaya a mako.

Dabara ta biyu ita ce bin masu saye. A ƙarƙashin hoton kowane kundi akwai ƙananan hotunan waɗanda suka saye shi. Danna ɗaya, sai ka ga duk abin da mutumin ya taɓa saya. A nan akwai ƙa'ida mai amfani: gwargwadon ƙarancin masu sayen kundi, gwargwadon darajar shaidarsu. Idan kundin da kake ƙauna mutum dubu uku suka saye shi, tarayyarku ba ta nuna komai. Idan mutum ashirin da biyar ne, to kowannensu ya yi irin tafiyar da ka yi kafin ya iso wurin, kuma tarinsa zai ƙunshi abin da ba za ka taɓa samu da kanka ba. Duba tarin mutum biyar, ka bi biyu ko uku waɗanda har yanzu suke saye. Daga nan duk abin da suka saya zai riƙa bayyana a shafinka na farko. Wannan shi ne kwatancen da inji ke yi, amma da hannunka, kuma da mutanen da suka zaro kuɗi suka biya, wanda ya fi sauraron daƙiƙa talatin nauyi.

Ta uku ita ce laƙabi. Kowane kundi yana da kalmomin da ke bayyana nau'insa a ƙasan shafi, kuma ana iya tace bincike da su, a zaɓi sababbin shigowa maimakon waɗanda aka fi saye. Matsalar ita ce makaɗa ne ke sa wa kansu laƙabin, ba mai dubawa. Kalmomi masu faɗi kamar experimental da ambient sun zama kwandon da kowa ke jefa kayansa. Yi amfani da masu ƙunci: drone, field recordings, free improvisation, musique concrète, electroacoustic, harsh noise. Ana kuma iya haɗa laƙabi da sunan birni ko ƙasa, kuma ta haka ake gano ƙananan rukunonin makaɗa da ke aiki tare a wuri ɗaya. Shafin yana da nasa sashen rubutu, Bandcamp Daily, tun 2016, inda marubuta ke fitar da zaɓin wata-wata na kiɗan gwaji, na jazz da sauransu. Wanda ba shi da lokacin tono, wannan zaɓin kaɗai ya isa ya fara da shi.

Abubuwan da ke ba da matsala kuwa ga su. Kundi yakan bayyana a matsayin sabo alhali odar gaba ce, guntu ɗaya kaɗai ake iya ji, sauran sai ranar fitowa. Ajiye shi a jerin buri, ka rubuta ranar. Wani kuma tsohon aiki ne aka sake bugawa, ranar da ke shafin ta sake bugun ce. Makaɗi yana iya taƙaita sauraron kyauta zuwa 'yan lokuta kafin a nemi ka saya. Kaset da garmaho na ƙananan kamfanoni sukan fito kwafi 50 ko 100 kacal, su ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, amma fayil ɗin ba ya ƙarewa, don haka kada gaggawar ta ruɗe ka idan sautin kake so. Sai batun Bandcamp Friday, wanda aka fara a Maris 2020 lokacin annobar korona: a wasu Jumma'o'i da kamfanin ke sanarwa, yana yafe kasonsa gaba ɗaya. Rana ce mai kyau ta saye, amma mummuna ta nema, domin kowa yana tara fitowarsa zuwa ranar, kaya su yi yawa har idanu su gaji. Yi nemanka a sauran kwanaki, ka tara a jerin buri, ranar ka biya.

Abu na ƙarshe mai muhimmanci: sauke abin da ka saya. Epic Games ya sayi Bandcamp a 2022, ya sayar wa Songtradr a 2023, aka sallami kusan rabin ma'aikata. Shafin yana aiki, amma wurin da ya canja hannu sau biyu cikin shekara biyu ba wurin da za a bar masa ajiya ba ne. Makaɗi ma yana iya goge kundinsa a duk lokacin da ya so.

Wane nau'in fayil za ka sauke? Sauraron kyauta a Bandcamp yana zuwa ne a MP3 mai ƙarfin 128 (kilobit a daƙiƙa), wanda ke cin kusan megabait ɗaya a minti, wato kusan 38 ga kundin minti arba'in. MP3 mai 320 yana cin 2.4 a minti, kusan 96 ga kundin. FLAC da WAV nau'o'in fayil ne da ba sa zubar da komai daga sautin: FLAC yakan kai megabait 200 zuwa 280, WAV kuma ya haura 400. Ga yawancin mutane 320 ya wadatar. Amma ka san cewa matse sauti yana aiki ne ta zubar da abin da ake zaton kunne ba zai lura da shi ba, kuma ƙarar ruwan sama, kukan kwari da sautin shuuu na kiɗan ƙara, wato noise, su ne suka fi lalacewa a 128, su koma kamar ana jinsu daga cikin ruwa. Idan irin wannan kundin ya yi maka daɗi duk da haka, to a FLAC zai fi.

Rediyon intanet: ƙofar abin da ba ka san sunansa ba

Raunin Bandcamp shi ne sai ka san inda za ka fara. Rediyo ne ke toshe wannan giɓin, domin mai gabatarwa zai sa maka abin da ba za ka taɓa dannawa da kanka ba, ya kuma sa shi kusa da wani abin da zai sa ka fahimce shi. NTS, wanda Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011, yana da tashoshi biyu masu watsawa kai tsaye da rumbun shirye-shirye masu yawan gaske, yawancinsu da jerin sunayen abin da aka sa. WFMU na jihar New Jersey a Amurka yana kan iska tun 1958, masu sauraro ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma kowane mai gabatarwa yana sa abin da ya ga dama. Akwai dublab na Los Angeles tun 1999, da Resonance FM na Landan tun 2002, da shirin Late Junction na BBC Radio 3, wanda shi ma ya fara a 1999.

Kuskuren da ake yi shi ne sauraron gidan rediyo gaba ɗaya. Abin bi shi ne mai gabatarwa. Gwada shiri shida daga mutum shida, ka riƙe biyu waɗanda suka sa ka tsaya ka duba suna aƙalla sau uku cikin awa ɗaya. Saurari na rumbu maimakon na kai tsaye, don ka iya tsayarwa ka koma baya. Rubuta mintin da abin ya kama ka, ka nemi sunan a jerin shirin, sannan ka duba kamfanin da ya fitar da shi. Ta haka rediyo ke ciyar da jerin kamfanoninka na Bandcamp.

Ga abin da zai ba ka haushi. Manhajar Shazam, mai gano sunan waƙa daga sautinta, ba ta cika gane irin wannan kiɗa ba, domin ba ya cikin rumbun da take kwatantawa da shi, kuma sauti mai ja marar gaɓoɓi yana da wuyar kamawa. Masu gabatarwa sukan samu kundi kafin ya fito, sai ka ji abu ka rasa shi ko'ina har wata biyu. Rubuta sunan ka jira. Suna kuma haɗa na 1974 da na makon jiya babu bayani. Lokaci ne babban kuɗin rediyo: awa biyu na iya ba ka suna uku kacal. Ta fuskar data kuwa da sauƙi, awa ɗaya a ƙarfin 128 ba ta wuce megabait 58.

SoundCloud da YouTube ba sa buƙatar dogon bayani. A SoundCloud ne makaɗa ke ɗora abin da ba su gama ba, da naɗin wasan da suka yi a gaban jama'a, da haɗe-haɗen DJ, don haka nan ake fara jin abu kafin ya zama kundi. Sai dai shafin farko yakan cika da abubuwan da wasu suka sake yaɗawa, kuma fayil na iya ɓacewa dare ɗaya. YouTube yana da kyau wajen ganin yadda ake yin sautin, da wane kayan aiki, amma bidiyo yana cin data ninkin-ba-ninkin, injinsa yana jan mutum zuwa ga abin da ya riga ya yi farin jini, kuma kundaye da yawa wasu ne suka ɗora ba masu su ba.

Masu sayarwa, marubuta da rumbunan bayani

Shagunan intanet irin su Boomkat na Manchesta da Bleep, wanda kamfanin Warp ya buɗe a 2004, suna aiko da wasiƙar mako mai ɗauke da zaɓaɓɓun sababbin fitowa, kowanne da ɗan bayani da guntun sauti. Ta fuskar tanadin lokaci babu kamarsu: cikin minti goma sha biyar ka ga abin da ya fito a mako. Ka dai tuna cewa mai kaya ba ya kushe kayansa, don haka ƙyale kalmomin yabo, ka ɗauki abin da za a iya tabbatarwa: wa ya buga, da me, a wane kamfani, da wa aka kwatanta shi.

Mujallar The Wire, da ke fitowa daga Landan tun 1982, ita ce ta fi daɗewa a kan wannan fage, kuma sharhinta yana da zurfi. The Quietus, tun 2008, da Resident Advisor, tun 2001 a ɓangaren kiɗan lantarki, ana karanta su a intanet. Amfanin marubuci shi ne ya gaya maka inda kiɗan ya fito da abin da yake ƙoƙarin yi, wanda kan sa ka ba wa kundi mai wuya dama ta biyu. Rauninsu jinkiri ne, da kuma cewa sun fi ganin abin da aka aiko musu daga Turai da Amurka. Wata hanya mai sauƙi da ake mantawa da ita ita ce jerin sunayen waɗanda za su yi wasa a bukukuwan kiɗan gwaji, kamar CTM na Barlin, Unsound na Foland, da Rewire da Le Guess Who? na Holan. Ba sai ka je ba. Karanta jerin daga ƙasa zuwa sama, domin ƙananan sunaye ne sababbi.

Discogs da Rate Your Music, shafukan tara bayanan faifai waɗanda dukansu suka fara a 2000, aikinsu tantancewa ne. A Discogs za ka ga ainihin shekarar fitowa, jerin duk abin da kamfani ya fitar bisa lamba, da sunayen waɗanda suka yi aiki a kundi. Bin waɗannan sunaye hanya ce mai albarka: mai buga ganga a kundin da kake so yana da nasa, injiniyan da ya daidaita sautin ƙarshe ya yi wa wasu ashirin. A Rate Your Music masu amfani ne ke ba da maki daga rabi zuwa biyar, kuma ana tace jadawali da shekara da nau'i. Amma sai kundi ya tara ƙuri'u kafin ya hau, don haka jadawalin yana bayan zamani da makonni, kuma yana nuna ɗanɗanon taron da ke wurin. Jerin da ɗaiɗaikun mutane ke haɗawa a shafin ya fi jadawalin amfani.

To wanne za ka ɗauka?

Idan sabon shiga ne kai, ba ka san suna ko ɗaya ba, fara da rediyo na wata guda, shiri biyu a mako, kana rubuta sunayen kamfanoni. Kada ka buɗe Bandcamp da niyyar nema sai ka tara kamfani biyar.

Idan ka riga ka san abin da kake so, lokaci ne ke maka ƙaranci, haɗa wasiƙar mako ta shago ɗaya da imel ɗin kamfanoni goma sha biyar. Tun Yuli 2015 Jumma'a ce ranar fitowar sababbin waƙoƙi a yawancin ƙasashe, don haka ware awa ɗaya ranar Asabar ko Lahadi: minti goma sha biyar na dubawa, ka fitar da kundi biyar, sauran lokacin na ɗanɗanawa. Biyu daga ciki za su cancanci cikakken sauraro a cikin mako. Fiye da haka kunne yana dushewa, komai ya fara kama da juna.

Idan data ce damuwarka, guji YouTube, ka rage ƙarfin sauti a Spotify zuwa 96, wanda ke cin kusan megabait 43 a awa, ka karanta bayani kafin ka danna, ka sauke abin da ka saya sau ɗaya lokacin da ka samu intanet mai yalwa. Idan kuwa burinka kuɗinka ya isa ga makaɗi, kundi ɗaya da ka saya kai tsaye ya fi masa sauraro ɗaruruwa a manhaja.

Yadda kake ɗanɗanawa ma yana iya ɓata duk wannan aikin. Kada ka yanke hukunci da daƙiƙa talatin na farko, domin kiɗa mai ja yakan ɗauki minti huɗu ko biyar kafin ya buɗe. Saurari minti biyu a farko, biyu a tsakiya, biyu daf da ƙarshe, ka ga ko wani abu ya motsa tsakaninsu. Kada ka gwada da lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da sauti mai kauri, kuma rabin aikin drone, wato kiɗan sauti mai ja, a can ƙasa yake; sa hedifon. Ka kuma kula da ƙara: kundaye da yawa na gwaji suna farawa da sauti ƙasa-ƙasa, ka ɗaga murya, sai kwatsam ƙara ta fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a ƙarfin desibel 80, kuma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙarar ta haura haka. Saita muryar a kan wurin da ya fi ƙarfi a kundin, ka bar ta a nan.

Bayan wata uku, koma kan jerin waɗanda kake bi. Duk kamfanin da ya fitar da kundi uku a jere ba ka gama ko ɗaya ba, daina binsa, ka sa wani daga sunayen da rediyo ya ba ka a gurbinsa.